Waƙar da Aka Hana Ƙwararru Su Gyara: Nazarin "Wannabe" ta Spice Girls

A ranar 8 ga Yuli, 1996, kamfanin faifai na Virgin ya saki waƙar farko ta wasu 'yan mata biyar a kasuwar Birtaniya. Sunan ƙungiyar Spice Girls, sunan waƙar "Wannabe", tsawonta ko minti uku bai cika ba. Manyan kamfanin ba da ita suka so a buɗe kasuwa ba. Sun taɓa aikawa da ita Amurka don a sake mata fasali, bidiyonta kuma da suka kalla sai da suka nemi a sake ɗauka. Duk da haka cikin mako biyu ta haye saman jadawalin waƙoƙin ƙasar, ta yi mako bakwai a can babu wanda ya ture ta. Kafin ƙarshen Maris na 1997 ta riga ta zo ta ɗaya a ƙasashe fiye da 30, har da Amurka.

Masu sharhin kiɗa a Birtaniya sun daɗe suna cewa Spice Girls haɗin 'yan kasuwa ne kawai. Akwai ƙamshin gaskiya a maganar, tunda talla aka buga a jarida aka tara su. Amma duk wanda ya bi tarihin wannan waƙa daki-daki zai tarar da wani abu dabam. A kowace mahaɗa da aka tsaya yanke shawara a kanta, ƙwararru suna gefe guda, 'yan matan suna gefe guda, kuma maganar 'yan matan ce ta tabbata, ita ce kuma ta kawo kuɗin. Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne inda yaran da ba su da suna, ba su da faifai ko ɗaya a kasuwa, suka samo bakin cewa a'a ga mutanen da suka yi shekara da shekaru a harkar.

Talla a jarida, gida a Maidenhead

A farkon shekarun 1990 kasuwar waƙar matasa a Birtaniya ta samari ce. Ƙungiyoyin samari irin su Take That da East 17 ke cin karensu babu babbaka. Abin da kusan kowa a harkar ya riƙe shi ne, 'yan mata ƙanana su ne masu sayen kaset da faifai, kuma hoton samari suke so su liƙa a bangon ɗaki, ba na mata 'yan'uwansu ba. Wani uba da ɗansa, Bob Herbert da Chris Herbert, masu kamfanin Heart Management, suka ce bari su gwada akasin haka. Wani ɗan kasuwa mai suna Chic Murphy ya zuba kuɗi. Suka buga talla a The Stage, jaridar da 'yan wasan daɓe da mawaƙa ke dubawa idan suna neman aiki. A watan Maris na 1994 mata kusan 400 suka hallara a ɗakin rawa na Danceworks da ke Landan domin a tantance su.

Bayan tankaɗe da rairaya aka tsayar da biyar: Melanie Brown, Melanie Chisholm, Victoria Adams, Geri Halliwell da Michelle Stephenson. Aka sa musu suna Touch, aka kama musu gida a garin Maidenhead da ke yamma da Landan, kullum su tafi wani situdiyo a Knaphill kusa da Woking su koyi waƙa da rawa. Stephenson ba ta daɗe ba ta fita, malamar muryarsu Pepi Lemer ta kawo wata tsohuwar ɗalibarta, Emma Bunton, ta cike gurbin. Daga baya suka sauya suna zuwa Spice.

Cikin su biyar babu wadda ta yi kama da wata. Brown 'yar Leeds ce, mahaifinta daga tsibirin Nevis na yankin Karebiyan, ga baki ga tsiwa. Chisholm daga wajajen Liverpool take, ta fi kowa murya, ta kuma iya alkafura. Halliwell 'yar Watford ita ce babbarsu a shekaru, ba ta kai sauran iya rawa ba, amma wajen dabara da naci babu mai kamo ta. Adams ta fito daga gida mai rufin asiri a Hertfordshire, Bunton kuwa ita ce ƙaramarsu, daga arewacin Landan. Watannin da suka yi a gida ɗaya, ba kuɗi a hannu sai na masarufi, su suka mai da baƙi biyar ƙawaye. Waƙoƙin da ake ba su su rera ba su kwanta musu ba, sai suka fara rubuta nasu.

A nan Heart suka tafka kuskuren da ya zama arzikin 'yan matan. Sun ba su masauki, sun biya malamai, sun ɗauki ɗawainiya wata da watanni, amma ba su sa su sun rattaba hannu a kan kwantiragi ba. Hikimar ita ce hannun kamfani ya zama a sake, duk wadda ta gaza a sallame ta ba tare da shari'a ba. Abin da ba a lissafa ba shi ne, idan babu takarda, su ma 'yan matan ƙafarsu a sake take. A watan Disamba na 1994 aka shirya musu baje koli a Nomis Studios da ke Shepherd's Bush, aka gayyato marubuta waƙa da furodusoshi da masu farautar sababbin mawaƙa. Jama'a suka yaba fiye da yadda aka zata. Sai a lokacin iyalan Herbert suka yi sauri suka tsara kwantiragi. 'Yan matan suka yi ta jan ƙafa bisa shawarar da suka samu, har da ta mahaifin Victoria. Sun riga sun ga darajarsu a idon wasu.

Rabin awa a Shoreditch

Cikin waɗanda suka gan su a Nomis akwai Richard Stannard, wanda ake wa laƙabi da Biff, ya kuma yi aiki da East 17. Shi da abokin aikinsa Matt Rowe suka shirya zama da su a watan Janairu na 1995 a situdiyon Strongroom da ke unguwar Shoreditch a gabashin Landan. A wannan jerin zama ne aka rubuta "2 Become 1", waƙa mai sanyi wadda daga baya ta zo ta ɗaya a Kirsimetin 1996. Da aka gama masu sanyi sai 'yan matan suka ce suna son mai zafi. Rowe ya kunna wani ɗan gajeren kiɗan ganga mai maimaita kansa a na'urar MPC3000, su kuma suka hau kai, wannan ta jefo layi, waccan ta katse ta, ana dariya ana ihu. Stannard da Rowe suka riƙa tsintar abin da ya yi daɗi suna jerawa. Cikin kimanin minti 30 ƙashin waƙar ya tsaya. Victoria ba ta samu halartar zaman ba, shi ya sa har yau idan ka saurari faifan ba za ka ji ta da baiti nata na kanta ba, sai a amshi.

Yana da kyau a tsaya a kan yadda waƙar ta fara, domin duk rigimar da ta biyo baya a kan wannan ne. Abin da kunne ke fara ji takun sawu ne a guje, sai wata dariya. Kafin ka ankara Brown ta ɗaga murya, Halliwell ta amsa mata, ta sake jefawa, ta sake amsawa, fiyano yana saran wasu 'yan sautuka masu kauri a ƙarƙashi. Babu doguwar shimfiɗa, babu jiran mawaƙiya ta gyara murya. Wanda ya taɓa tsayawa a dandali ya ga 'yan mata suna gaɗa, ɗaya na bayarwa saura na karɓa da tafi, zai gane tsarin nan take. Can kusa da ƙarshe Brown ta shigo da gambara tana zayyana halin kowacce a cikinsu. Saƙon kuwa ba shi da wuya: saurayin da ke son yarinya sai ya iya zama da ƙawayenta, domin ƙawance ya girme shi kuma zai wuce shi.

Ba zan ce waƙar tana da zurfin ma'ana ba. Baitocinta 'yan kaɗan ne, akwai ma kalmar da suka ƙirƙira a situdiyo don daɗin baki kawai. Ƙarfinta a wani wuri yake. Kafin minti uku su cika mai sauraro ya san cewa mutum biyar ne, ba su yi kama da juna ba, suna jin daɗin junansu, kuma ba su zo neman izinin kowa ba. A lokacin da yawancin waƙoƙin mata ke magana da namiji, ko roƙonsa ko kuka da shi, wannan da ƙawa take magana, namijin yana gefe yana jiran hukunci.

A watan Maris na 1995 suka raba gari da Heart, suka fita da faifan asali na waƙoƙin da suka naɗa, ciki har da "Wannabe". Heart sun riga sun tsara musu zama da wani marubucin waƙa a Sheffield, Eliot Kennedy, amma 'yan matan ba su da adireshinsa. Brown da Halliwell suka hau mota suka nufi Sheffield, suka buɗe kundin lambobin waya suna bugawa har suka dace da shi, suka shawo kansa ya yi aiki da su ba tare da manaja ba. A wurinsa aka samu "Say You'll Be There" da "Love Thing". Daga nan suka haɗu da Paul Wilson da Andy Watkins, furodusoshi biyu da ke aiki da sunan Absolute, su kuma suka kai maganarsu ga Simon Fuller na kamfanin 19 Management, manajan mawaƙiya Annie Lennox. Fuller ya ɗauke su, kamfanonin faifai suka shiga rububi, a watan Yuli na 1995 Virgin ya yi nasara. A lokacin ne aka ƙara kalmar Girls a sunan, saboda akwai wani mai gambara a Amurka da ke amfani da Spice.

A lura da yadda tsarin ya juye. Bisa al'ada sabon mawaƙi hannu rabbana yake zuwa wurin kamfani, kamfani ya nemo masa waƙa, ya zaɓa masa furodusa, ya faɗa masa abin da zai sa. Waɗannan da kayansu suka zo, waƙoƙi a naɗe, sunansu a jerin marubuta, ga kuma wasu kamfanoni a bakin ƙofa suna jira. Manajan ma su suka zaɓe shi, bayan sun riga sun bar wani. Duk wanda ya zauna teburi da su ya san sun taɓa tashi sun tafi.

Rigima uku

Ta farko a kan sautin waƙar ce. Fuller da Virgin sun ga naɗin farko bai yi ƙarfi ba. A wancan lokaci salon kiɗan R&B na Amurka ne ke tashe, ƙungiyoyin mata irin su TLC da En Vogue su ne abin koyi, a Birtaniya ma Eternal wannan hanya suka bi suka samu karɓuwa. Ashley Newton, jami'in Virgin mai kula da mawaƙa, ya aika da waƙar ga furodusa Dave Way a Amurka. Ta dawo da santsi, an rage mata hayaniya, an sa mata kiɗa irin na can. 'Yan matan suka ji suka ce sam. Halliwell ta fi kowa tayar da jijiyar wuya. Sai aka miƙa ta ga Mark Stent, wanda aka fi sani da Spike, injiniyan sauti da ya yi aiki da Massive Attack da Madonna da Björk.

Aikin mai haɗa sauti ba rubuta waƙa ba ne. An riga an naɗi kowace murya da kowane kayan kiɗa a layinsa dabam, shi kuma zai zauna gaban tebur mai maɓallai ya daidaita: wannan murya ta fito gaba, waccan ganga ta ja baya, nan a ƙara kauri, can a rage. Stent ya fahimci cewa matsalar ba a waƙar take ba, muryoyin ne ba su zauna daidai ba. Ya matse ta, ya fito da muryoyin fili yadda kowacce za a ji ta da halinta, ya bar dariyar da hargowar a inda suke. Cikin kimanin awa shida ya gama. Wannan shi ne sautin da duniya ta sani. A ganina Stent ya cancanci yabo na musamman a wannan labari, domin shi ne ƙwararren da ya gane cewa kaushin waƙar shi ne kadararta.

Ta biyu a kan wace waƙa za a fara fitarwa. Virgin sun fi karkata ga "Say You'll Be There", wasu kuma "Love Thing". Hujjarsu ba ta banza ba ce. "Say You'll Be There" ta fi tsari, ta fi kama da abin da gidajen rediyo suka saba sakawa, kuma da aka fitar da ita a watan Oktoba na 1996 ita ma ta zo ta ɗaya. Amma waƙar farko aikinta dabam. Ita ce sallama, ita ke gaya wa jama'a su wane ne suka shigo. Da an fara da waccan, da an samu ƙungiyar mata masu daɗin murya, ɗaya cikin da yawa. Halliwell ta gaya wa Fuller cewa wannan ba maganar ciniki ba ce, "Wannabe" ce farko. Fuller da Virgin suka sakar musu.

Ta uku a kan bidiyo. An ɗauko Johan Camitz, ɗan ƙasar Suwidin wanda ya yi suna wajen shirya tallace-tallacen talabijin. Niyyarsa a ɗauka a wani gini a Basalona, amma ana saura 'yan kwanaki izini bai samu ba, sai aka koma Midland Grand Hotel da ke jikin tashar jirgin ƙasa ta St Pancras a Landan. Tsohon otal ne da aka buɗe a 1873, aka rufe shi a 1935, ya zama ofisoshin ma'aikatan jirgi, daga baya ya zauna babu kowa. A cikinsa aka yi ɗaukar, da dare, a watan Afrilu na 1996, cikin sanyi.

Kyamara tana bin su kamar ba a yanke ba tun daga titi. Suna isowa ƙofa suka ture mai tsaro, suka watsa takardun sunayen baƙi sama, suka kutsa cikin liyafar masu hannu da shuni. Wannan ta fizge hular wani dattijo, waccan ta zauna kusa da wata mai kwalliya, Chisholm ta yi alkafura a kan teburin cin abinci. Suka taru a kan babbar matattakalar otal ɗin suka yi 'yar rawa tare, wadda ba ta ma daidaita sosai ba, sannan suka fice a guje suka faɗa motar bas. Kowacce da irin shigarta, babu anko. Manyan Virgin da suka kalla ransu bai so ba. Sun ce haske ya yi ƙaranci, tsofaffi sun yi yawa a ciki, shigar wasu daga cikin 'yan matan kuma za ta jawo magana, kuma lallai an hana nuna bidiyon a wasu sassan Asiya saboda haka. Suka nemi a sake ɗauka. 'Yan matan suka ƙi.

Wanda ya raba gardama

Ba Virgin ne ya raba gardamar ba, ba kuma masu sharhi ba. Akwai wata tashar talabijin ta kebul a lokacin mai suna The Box, wadda tsarinta ya bambanta da na saura. Kowane bidiyo yana da lamba, mai kallo zai buga waya ya danna lambar, a caje shi kuɗi a kan layin, a saka masa abin da ya zaɓa. Babu wani shugaban shirye-shirye da zai ce wannan ta dace wannan ba ta dace ba. Da aka saka bidiyon "Wannabe", cikin awa biyu ya zama wanda aka fi nema, ya kuma riƙe wannan matsayi mako 13, sai da bidiyonsu na biyu ya zo ya karɓe shi. Tun faifan bai shiga kanti ba, yara mata na Birtaniya sun riga sun kaɗa ƙuri'a da wayar gidansu. Zancen cewa 'yan mata samari kaɗai suke so su gani ya faɗi a nan.

Jadawalin Birtaniya a 1996 ciniki kaɗai yake ƙirgawa. Ana tattara adadin kaset da faifan da aka sayar a kantuna cikin mako, ranar Lahadi da yamma a karanto sakamako a BBC Radio 1. Dabarar kamfanoni a lokacin ita ce su ba rediyo waƙa makonni kafin ta fita, sha'awa ta taru, masoya su yi dafifi a makon farko. Saboda haka waƙoƙi da yawa sukan shigo a sama su gangaro nan da nan. "Wannabe" a ta uku ta shigo. A samanta akwai "Killing Me Softly" ta Fugees, da kuma "Forever Love", waƙar farko da Gary Barlow ya yi shi kaɗai bayan watsewar Take That a watan Fabrairu na shekarar, wadda ta fito rana ɗaya da tasu. A mako na biyu Virgin ya saki faifan CD na biyu mai ɗauke da wasu nau'o'in waƙar, har da haɗin Dave Way da aka ƙi, kuma cinikinsa ya shiga lissafi ɗaya da na farko. Waƙar ta ƙaru maimakon ta ragu, ta sauke Barlow. Ba a jima ba Robbie Williams, shi ma tsohon ɗan Take That, ya fito da tasa ta farko, "Freedom", ya tsaya a ta biyu, ya kasa wuce su. Manyan samari biyu na ƙungiyar da ta mallaki kasuwa shekaru, duka a bayan 'yan matan da wata uku baya ba wanda ya san su. Sai a watan Satumba Peter Andre ya karɓi matsayin da "Flava". Kafin shekara ta ƙare an sayar da fiye da kwafi miliyan ɗaya a Birtaniya, Fugees kaɗai suka fi su ciniki a 1996.

Ba zai zama adalci ba a ce taurin kai kaɗai ya yi wannan aiki. Virgin ya kashe kuɗi, Fuller ya tsara tafiyar da kyau. An fara sakin waƙar a Japan a ƙarshen Yuni, har ma fitowarsu ta farko a shirin Top of the Pops na BBC daga Japan aka haska ta ta tauraron ɗan'adam. 'Yan matan sun yi watanni suna zagaya gidajen rediyo da ofisoshin mujallu, su faɗa wuri su rera waƙa da baki ba kiɗa, su bar mutane da labarinsu. Lokaci ma ya taimaka. Take That sun bar gurbi, jaridun kiɗa kuma sun shagala da hamayyar Oasis da Blur, maza masu jita, babu wanda ke yi wa yarinya 'yar shekara goma waƙa. Sai ga wata kyauta daga waje: Peter Loraine, editan mujallar Top of the Pops, da ma'aikatansa suka laƙa wa kowacce suna, Scary da Sporty da Baby da Ginger da Posh. Jaridun gulma suka ɗauka, sunayen suka bi su har yau. Amma laƙabin ya kama ne domin waƙar da bidiyon sun riga sun nuna mutum biyar mabambanta. Da an sa su anko an goge musu murya, da babu abin da za a laƙa wa suna.

Amurka ita ce jarrabawar da mawaƙan Birtaniya suka saba faɗuwa. Take That da duk ƙarfinsu sau ɗaya suka shiga goman farko a can. Jadawalin Billboard Hot 100 na Amurka kuma a lokacin yana haɗa ciniki da yawan sakawa a rediyo, don haka dafifin masoya kaɗai ba ya isa. An saki "Wannabe" a can a watan Janairu na 1997, da bidiyon nan da aka ce a sake. Ta shigo a ta 11, a watan Fabrairu ta sauke "Un-Break My Heart" ta Toni Braxton wadda ta yi mako 11 a sama, ta riƙe matsayin mako huɗu. Kundinsu na farko, Spice, shi ya fi kowane kundi ciniki a Amurka a 1997. A gida kuma waƙar ta ci kyautar Brit ta waƙar shekara a watan Fabrairu, ta ci lambobin Ivor Novello da ake ba marubuta waƙa, bidiyon ya ci kyautar MTV ta rawa. Waƙoƙinsu huɗu na farko duka suka zo ta ɗaya a Birtaniya, abin da ba wanda ya taɓa yi kafin su.

Shekaru 18 bayan fitowarta aka samu wata shaida daga inda ba a zata ba. A 2014 masu bincike daga Jami'ar Amsterdam tare da gidan tarihin kimiyya da masana'antu na Manchester suka shirya wani wasa a intanet mai suna Hooked on Music, mutum kusan 12,000 suka shiga. Ana kunna guntun waƙa, a auna tsawon lokacin da mutum zai ɗauka kafin ya gane ta. "Wannabe" ce ta zo kan gaba, a matsakaicin daƙiƙa 2.29.

Wa ya ci me

Waƙa tana da haƙƙi iri biyu. Akwai na naɗin da ke kan faifai, wanda galibi na kamfani ne, mawaƙi ya samu kasonsa bayan an cire abin da aka kashe masa. Akwai kuma na rubutun waƙar kanta, wanda ke biyan marubuta duk lokacin da aka saka ta a rediyo, a talabijin, a fim ko a talla, ko wani ya sake rera ta. Mawaƙan da aka haɗa ta hanyar talla yawanci na farkon kaɗai suke gani, shi ma ɗan kaɗan. Spice Girls sun tsaya kai da fata sai sunansu ya shiga jerin marubuta. A kan "Wannabe" sunan ƙungiyar yana nan tare da na Stannard da Rowe, haka kuma a kan kowace waƙa ta kundin Spice. A watan Nuwamba na 1995, tun kafin su fitar da komai, suka ƙulla yarjejeniyar kula da wannan haƙƙi da kamfanin Windswept Pacific. Victoria da ba ta halarci zaman ba ita ma tana ciki, domin da sunan ƙungiya aka rubuta, ba da sunan ɗaiɗaiku ba. Wannan shawara ce ta masu hangen nesa, ta kuma toshe ƙofar da rigimar kuɗi ke shigowa ta tarwatsa ƙungiyoyi tun suna ƙanana.

Abin da ya biyo baya yana da nasa abin suka. A 1997 an liƙa sunansu a kan lemon kwalba da soyayyen dankali da alewa da kyamara, har taken ƙarfin mata da suke ɗagawa ya fara kama da tambarin sayar da kaya. Su kansu aikin ya yi musu yawa. A watan Nuwamba na shekarar suka sallami Fuller suka ci gaba da riƙe harkokinsu da kansu, a watan Mayu na 1998 kuma Halliwell ta fita.

Iyalan Herbert, waɗanda suka fara tunanin kuma suka rasa amfaninsa, sun sake buga talla suka haɗa ƙungiyar samari mai suna Five, wadda ita ma ta kai ta ɗaya a Birtaniya. Fuller ya haɗa S Club 7, sannan a 2001 ya ƙirƙiro gasar talabijin ta Pop Idol. Daga ita aka samu American Idol, aka samu Idols West Africa a 2007 da Nigerian Idol daga baya. A tsarin American Idol na shekarun farko, ɗan takara yakan rattaba hannu a kan takardar da ta ba kamfanin Fuller damar riƙe harkarsa da naɗa masa faifai tun kafin masu kallo su zaɓi gwani.